Safar da Aka Yi wa Faci

Ranar da wutar mota ta kama hannun mijina, ba asibiti aka nufa da shi ba, ɗakina aka kawo mini shi. Ƙanensa ya tallafo shi ta hagu, ubansu na biye yana waige-waige, suka shigo ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa gareji da tsakar gida. Ina tsugune gaban bahon wanki. Tun kafin in ɗauraye kumfar hannuna Baba ya ɗaga mini yatsa.

"Kada ki kuskura ki yi mana ihu. Akwai masu mota a waje."

Ihun ma bai zo ba. Na bi su ɗaki muka kwantar da shi a kan katifa. Yaya ake ce masa a gidan, don shi ne babba, har ni ma na bi bakinsu. Mutum ne da tun yana ƙarami a ƙarƙashin mota yake, in ya kama sifana duk taurin noti sai ya ba da kai. Ga shi yau leɓɓansa na rawa, idanunsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Na buɗe tafin hannunsa na dama. Ɗan tabo ne fari, bai fi maɓallin riga ba, babu jini, babu ruwa. Akwai wani irinsa kusa da gwiwar hannun.

Inna, uwarsu, ta leƙo ta duba, ta sauke ajiyar zuciya. "Ɗan wannan? Ai ni ko man suya ya fi yi mini haka. Ku ba shi ruwa ya sha."

Na ce, "Baba, a kai shi asibiti."

"Asibitin me? Firgita ce kawai. Ya huta yau, gobe ya tashi garau." Ya juya ga ƙanen. "Kai kuma koma ka tsaya wurin motar, kada a ga babu kowa."

Ga abin da Baba yake tsoro. Da motocin lantarki suka yawaita a gari, hukuma ta ce babu mai taɓa batirinsu da injinsu sai wanda ya yi kwas aka ba shi shaida, kuma garejin da aka kama wani daban yana taɓawa, lasisinsa ya tafi. An ba garejinmu gurbin mutum ɗaya. Kowa ya ɗauka na Yaya ne, har shi kansa ya sa na wanke masa jakar tafiya. Sai Baba ya ce, "In ka tafi, wa zai riƙe mini gareji?" Aka tura ƙanen, wanda ni dai ban taɓa ganin baƙin mai a farcensa ba. Ya dawo da farar riga, da ɗan tumbi, da takarda a firam, da sabon suna: Injiniya.

Aikin kuwa yana nan a hannun da yake tun da. Injiniya zai tsaya nesa kaɗan, hannu a aljihu, yana cewa, "Zare wancan filogin. Kada ka taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo. To, yanzu taɓa." In Yaya ya ce masa, "Ka zauna ka koya mini abin nan daga tushe mana," sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, abin na karatu ne, ba na ƙarfi ba. Bari in samu lokaci." Lokacin bai taɓa samuwa ba. Ni na san dalili, ko da yake ba a tambaye ni ba: ranar da Yaya ya san abin da ke cikin kan Injiniya, farar rigar nan ba ta da sauran aiki.

Injiniya ya zo daga kwas da safar hannu ta roba mai kauri, wadda ke tare wuta, ƙafa biyu, kowace da ta dama da ta hagu. Ɗaya sabuwa fil aka saka ta a akwatin gilashi kusa da takardar, don idon masu dubawa na hukuma. Ɗayar Yaya ke sakawa. Da wani ƙarfe ya huda ta dama a tafi, Baba ya ce roba ai roba ce, ya aika da ita wurin mai faci. Mai faci ya kankare, ya shafa gam, ya manna baƙar roba, ya hura, ya tsoma a ruwa kamar yadda yake yi wa tayar keke. Babu kumfa. Aka dawo da ita ana yabon aikinsa. A kan igiyar shanyata ta bushe.

Washegari Yaya bai tashi garau ba. Hannun ya kumbura daga yatsu har gwiwa, ya yi tauri, fatar na ƙyalli. In na taɓa yatsunsa sai ya ce, "Wanne kika taɓa?" In na ɗan miƙar da su kuwa sai ya ciji filo. Fitsarinsa ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Na ɗauki kwanon fitsarin na kai wa Inna ta gani da idonta.

"Ke dai ba ki da kunya," ta ce, tana kau da kai. "Zafi ne ya yi masa yawa a ciki. Kawo man shafawa."

Ta zauna a gefensa tana murza hannun da mai, tana cewa jini ne ya kwanta, sai an tashe shi. Yana gumi yana cewa, "Inna, a hankali," tana cewa, "Yi haƙuri ɗan albarka, ai ka fi haka jarumta." Uwa ce, kuma tana son ɗanta, ban ce ba ta so ba. Amma ta fi tsoron fuskar mijinta a kan launin yatsun nan.

Na sami Baba a zaure yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce hannun Yaya ba ya jin taɓi.

"'Yar nan, kin san abin da likita zai fara tambaya? Wace irin wuta ce, a ina, wa ya sa shi. Daga nan sai takarda ta tafi ofishin da bai kamata ba. Su zo su garƙame mana ƙofa. Ke da shi da mu duka, a ina za mu ci?"

"Baba, hannun nan ne yake ciyar da mu."

Ya ajiye kofin. "Garejin ne yake ciyar da ku. Ni na gina shi tun ba a san za a haife ki ba. Tashi ki ba ni wuri. Na aika a kira mai shagon magani."

Mai shagon magani ya zo da jakarsa, ya kalli hannun. Ya buɗe baki, ya dubi Baba da ke tsaye a bakin ƙofa, ya rufe. Ya yi allura, ya bar ƙwayoyi a leda, ya naɗe hannun da bandeji tam. A tsakar gida ya rage murya ya ce mini, "Ni fa wannan ya fi ƙarfina." Na ce, "To ka faɗa wa Baba mana." Ya ce, "Ai babba ne, ba a yi masa musu," ya saɓa jakarsa ya fice.

Kwanaki suka ja. Ƙwayoyin na sa shi barci, ya farka da azabar da ta fi ta jiya. Babban yatsa da manuni suka fara duhu daga kan farce. Ya daina cin abinci sai in na matsa. Ga gareji kuwa ba a fasa buɗewa ba, kuma duk wanda ya tambayi Yaya, zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

Wata rana da azahar na kai wa Injiniya abincinsa a kula, don ko ana wannan hali cikinsa ba ya sallama. Na tarar da shi gaban akwatin gilashi da wani mai mota, yana ta zuba.

"Ranka ya daɗe, mu nan da ƙa'ida muke aiki. Ka ga safar nan? Kafin a saka ta kullum sai an hura ta an saurara. Ko hujin allura aka samu, almakashi ake sa mata a jefar, ba a gyara ta, ba a yi mata faci. Kuma in ka zare filogi ba ka taɓa komai, don wuta tana kwanciya a cikin akwatin nan da ke tsakanin batir da inji. Sai ka jira, ka auna da mita, ka ga ta sauka. Haka aka koya mana."

Mai motar na ta gyaɗa kai. Ni kuwa kular ta kusa suɓuce mini. Na jira mutumin ya fita, na dire ta a kan teburi.

"Injiniya, me ka ce ana yi wa safar da ta huje?"

Ya yi murmushin da ya saba yi mini in muna wasa. "Matar Yaya, yaushe kika shiga kwas?"

"Yau ba wasa na zo yi ba. Ka sani. Kana tsaye aka kai ta faci, kana tsaye ya saka."

Murmushin ya gudu. Ya leƙa waje, ya dawo. "Ni na ce a kai ta faci? Baba ne. Ke kin taɓa ganin wanda ya ce wa Baba a'a a gidan nan?"

"Jiran fa? Awon fa? Shi ma Baba ne ya hana ka faɗa?"

"Mai motar yana sauri ranar. Kuma sau nawa muka yi haka lafiya lau? Yaya ma yana da nasa gaggawar, kafin in ce tsaya ya riga ya kai hannu."

"Kai ka ce masa taɓa."

Ya buɗe kular yana duba abincin, don kada ya dube ni. "Don Allah ki bar ni, ni ma ba barci nake yi ba."

Na koma ɗaki, na kwashe duk abin da na ji na faɗa wa Yaya. Na ɗauka zai zabura. Sai ya kalli silin.

"Yaro ne," ya ce.

"Yaro? Mai gemu da tumbi? Yaya, tashi mu tafi asibiti, ko da ƙafa ne. Ni zan riƙe ka."

"Baba ya ce a'a."

"Hannun Baba ne ko naka?"

Ya juyo da kai da ƙyar. "Ke ba ki gane ba. In aka rufe garejin nan ta dalilina, da wane ido zan kalle shi? Duk rayuwarsa ce. Ki ƙara haƙuri, ya ce in bai sassauta ba zuwa ƙarshen mako zai san abin yi."

Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda irin na ranar ba. An raine shi a kan cewa ɗan kirki ba ya ɗaga murya, ya kuwa riƙe tarbiyyar nan da hannu biyu, har tana neman cinye ɗaya. Ƙarshen mako ya zo ya wuce. Abin yin da Baba ya sani shi ne ya sake kiran mai shagon magani, shi kuwa ya aiko cewa ya yi tafiya.

Wari ne ya yanke maganar. Da safe na kwance bandejin in canza, sai da na toshe hanci. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, tafin ya buɗe, jikinsa kamar garwashi. Na kira sunansa, ya amsa mini da maganar wata mota da ya gyara tun kafin aurenmu. Baba ya fita sayen kayan gyara. Na yafa mayafi na fita titi na tare tasi, na roƙi direban ya shigo ya kama mini.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa. "Da izinin wa?"

"Inna, ki matsa."

"Ki jira ubansa ya dawo! Ke wace irin yarinya ce mara ta ido? Za ki jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu."

"Inna, shinshina." Na ɗago hannun zuwa fuskarta. Ta ja baya, ta dafe bango, ta fara salati. Muka wuce ta. Injiniya na gareji, ya ga fitarmu sarai, ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin teburi.

Likitar da ta karɓe mu ba ta ɓata lokaci ba. Ta kalli hannun, ta kalle ni, na ga ranta ya ɓaci.

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata.

"Kuna ina duk kwanakin nan? Ƙunar lantarki ba a waje take ba, baiwar Allah. Ɗan tabon da kika gani ƙofa ce kawai, ta ciki take cin nama. Da ranar aka kawo shi, da mun tsaga hannun mun sassauta kumburin, jini ya samu hanya. Da wuya ya rasa shi. Yanzu ransa muke nema, har ƙodarsa ta fara gajiya. Wace irin wuta ce?"

Na ce ta motar lantarki ce, a garejin ubansa, da safa mai faci, kuma bai yi kwas ba. Na faɗi komai, ban rage ko ɗaya ba. Ina rufe baki Baba ya shigo yana haki, hularsa a karkace.

"Likita, kada ki biye mata, ruɗewa ta yi. Fankar ɗakinsa yake gyarawa, wayar gida ta ja shi."

Likitar ta dube shi, ta dube ni. "Za mu tambayi mai ciwon in ya dawo hayyacinsa."

An yanke hannun a ƙasan gwiwa kaɗan. Baba ne ya sa hannu a takardar amincewa, yana sawa yana share ido da bakin riga, kuma na yarda hawayen gaske ne. Da Yaya ya farfaɗo ya ga inda bandeji ya ƙare, bai yi kuka ba. Ya dai riƙa ɗaga dungun yana saukewa kamar mai auna nauyinsa. Likitar ta zo da fayil ta tsaya a kansa, Baba na zaune a gefen gado riƙe da ƙafarsa.

"Malam, wace wuta ce ta kama ka?"

Na zuba masa ido. Na roƙe shi da duk abin da fuska ke iya roƙo. Ya kalli ubansa, ya kalli bango.

"Wayar gida ce," ya ce. "Fanka nake gyarawa."

Likitar ta rufe fayil ta fita, na bi ta. A baranda ta ce mini, "Na san ƙunar wayar gida, na kuma san wannan ba ita ba ce. Amma abin da mai ciwo ya faɗa da bakinsa shi zan rubuta." Ta dafa kafaɗata ta wuce wurin wani gadon.

Da muka dawo gida, kowa ya riga ya tanadi abin da zai faɗa wa masu zuwa dubiya. Baba yana cewa ƙaddara ce, abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi. In ya faɗa sai in ji kamar in tambaye shi ko ƙaddara ce ta ɗauki safa ta kai wa mai faci. Inna kuwa ta samo nata: likitocin yanzu yanka kawai suka iya, da an bar ta da man shafawarta da hannun ya dawo. A gabana take gaya wa maƙwabta, "Ita ce fa ta ɗauke shi ba da sanin kowa ba, sai ga shi an dawo mana da shi haka." Har wasu suka fara yi mini kallon matar da ta kai mijinta aka nakasa. Injiniya yana aiko da lemo da ayaba a leda, amma ƙafarsa ba ta taka ɗakinmu.

Na koyi ɗaura masa maɓalli, na koyi yanka masa farcen hannun da ya rage. Shi kuma yana koyon kai loma da hagu, abinci na zuba a riga, yana ba ni haƙuri kamar ni ya yi wa laifi. Wani lokaci sai ya kai hannu zai sosa tafin da babu shi. In ya ji ƙarar guduma daga gareji sai ya yi tsit yana saurare, ya ce, "Ba haka ake bugun wannan ba."

Garejin kuwa ya fara tsayawa. Motocin lantarki suka jeru a fili suna shan rana, masu su na zuwa suna zage-zage. Injiniya zai zagaya mota da mita a hannu, ya buɗe gaba, ya rufe, ya ce ana jiran kaya. Gaskiyar ita ce tun da ya ga abin da ya sami yayansa, in ya matso kusa da wayoyin nan masu ruwan lemo sai ya ja da baya. Ya san ƙa'ida, bai san aiki ba, ga tsoro ya ƙaru a kai.

Dungun bai gama warkewa ba Baba ya shigo ɗakinmu da yamma, Injiniya na bayansa. Rabon Baba da ɗakin tun ranar da aka kawo Yaya a tallafe. Na shimfiɗa masa darduma na koma bakin ƙofa.

"Jiki ya yi kyau, alhamdu lillahi," ya ce. "Zaman ɗaki ba ya yi wa namiji kyau. Ga motoci can sun taru, mutane na neman cin mutuncina. Na ce ko za ka riƙa fitowa kana ɗan taɓawa."

Na kasa riƙe bakina. "Baba, da wane hannun?"

"Da ke nake magana?"

"A gafarce ni, Baba. Amma in dole sai ya koma, a tura shi kwas ɗin tukuna. Na ji an ce an sake buɗe gurbi. Ya je ya koyi abin da ya kamata ya sani tun farko."

Baba ya dubi Injiniya. Injiniya ya sosa ƙeya. "Ba za su ɗauke shi ba. Akwai gwajin da sai da hannu biyu ake yi. Ko ƙofar ajin ba zai wuce ba."

"To ka ji," na ce. "Bai isa a koya masa ba, amma ya isa ya yi aikin?"

"Matar Yaya, ba haka ba ne." Ya gyara tsayuwa, muryarsa ta koma irin wadda yake yi wa masu mota. "Ai ko a makaranta abin da aka koya mana shi ne, in kana kusa da wuta, da hannu ɗaya ake aiki, ɗayan a mayar da shi baya, don kada ta ratsa ta ƙirji. Ƙa'ida ce babba. Ka ga shi Yaya yanzu ba sai an tuna masa ba."

Shi kansa da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya sunkuyar da kai. Wannan ne darasi na farko da ya taɓa ba yayansa daga kwas ɗin nan, ba tare da an roƙe shi ba.

Baba kuwa fuskarsa ta washe. "To ka gani! Ashe ma haka ake so. Allah ba ya rufe ƙofa duka."

Na juya ga Yaya. Na ce a raina yau dai zai yi magana, ko kalma ɗaya ce. Ya kalli dungun.

"Gobe zan fito, Baba," ya ce.

Bayan sun fita na yi masa kuka, na yi masa faɗa, na ce zan tattara kayana. Ya ce, "In ban koma ba, ni mene ne a gidan nan? Mai cin abinci da hagu?" Sun riga sun tabbatar masa cewa ba shi da wata daraja sai a ƙarƙashin mota. Kayan kuma ban tattara ba. In na tafi, wa zai tare masa tasi a karo na gaba?

Da safe na bi shi har gareji. Na tsaya gaban akwatin gilashi na ce, "Baba, ko sabuwar safar a ba shi."

"Wannan ta masu dubawa ce. In suka zo suka tarar da ita da datti fa? Ta hagun tsohuwar ai babu abin da ya same ta."

Ya ciro ta daga ƙusar da take rataye, ya kakkaɓe ƙura ya miƙa. Ta daman na nan a kan ƙusar, da baƙin facinta da ɗan ƙonannen huji a gefensa. Ba a jefar ba. Baba ba ya jefar da abin da wata rana zai yi amfani.

Yaya ya karɓa. Ya tura yatsunsa ciki, robar ta maƙale a wuyan hannu. Ya goga a cinya, ta ƙi hawa. Ya waiga, Injiniya ya riga ya koma can nesa, hannu a aljihu. Na taho in taimaka, Baba ya ce, "Ke koma ciki, akwai masu mota a waje."

Sai Yaya ya sunkuya ya kama bakin safar da haƙora, ya ja, ya sake kamawa ya ja, har ta hau. Daga inda nake tsaye ina hango sawun haƙoransa a jikin robar, jere, sun nutse. Ko hujin allura, in ji Injiniya. Babu wanda ya hura ta, babu wanda ya saurara.

Ya durƙusa gaban motar. Ƙanensa ya leƙo daga nesa ya ce, "To, Yaya, yanzu taɓa."